Ana Biyan Ɗalibai 'Yan Wasa a Jami'o'in Amurka? Wa Ke Biya, Kuma Wa Zai Iya Karɓa?

"Malam, ɗan ƙanena yana ajin ƙarshe a wata makarantar sakandare a Amurka, ƙwallon kwando ne ya kai shi. Kwanan baya wani mutum ya kira mahaifinsa a waya, ya ce akwai jami'ar da ke son yaron, kuma attajiran da ke bayan ƙungiyar za su riƙa ba shi kuɗi da sunan talla, ban da karatu kyauta. Mu dai sanin da muka yi, ɗalibi ba ya karɓar ko sisi a can, in ya karɓa ma hukunta shi ake yi. Shin abin ya canja ne, ko damfara ake shirya mana? In kuma gaskiya ne, wa ke biya, kuma me yaron zai sayar musu?"

Malam, tambaya uku ka haɗa wuri guda: ko an halatta, daga aljihun wa kuɗin ke fitowa, da kuma ko ɗan naku yana cikin waɗanda za su iya karɓa ba tare da sun jawo wa kansu ba. Ta farko amsarta e, tun daga 1 ga Yulin 2021. Ta biyu tana da ɗan tsawo. Ta ukun kuwa ita ce mai wayar bai taɓo ba, alhali ita ta fi shafarku. Na yi aiki a ofishin da ke riƙe da takardun ɗalibai baƙi a wata jami'a a can, 'yan wasa na cikin masu zuwa teburina, don haka ta wannan kusurwar zan yi maka bayani.

Yadda aka faro

Sai ka san girman kasuwar kafin ka gane rigimar. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi ranar Asabar don kallon ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ake runguma a ruga ana bangaje juna. Gasar ƙwallon kwandon jami'o'i da ake yi duk watan Maris, gidajen talabijin sun yarda su biya dala biliyan 8.8 don su nuna ta daga 2025 zuwa 2032. Da Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a 2023, sama da dala miliyan 75 ta ɗauki nauyin biyansa don kawai ya tattara ya tafi. Duk wannan ana yi, hukumar NCAA mai tsara wasannin, wadda asalinta ya koma 1906, ta tsaya kai da fata cewa yaran ɗalibai ne, ba ma'aikata ba. A da rabonsu kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci da littattafai. Ko rigar da ke ɗauke da lambar yaro aka sayar a shagon jami'a, ba shi da ko kwabo a ciki.

To inda kowa ke neman nasara ido rufe, aka kuma hana ciniki a fili, sai cinikin ya koma bayan fage. A nan attajiran da mai wayar ya ambata suke shigowa. Ka san uban ƙungiya a kulob ɗin unguwa, wanda ke sayen riguna da takalma, in an ci kofi a kai masa gida? To irinsa ne, sai dai waɗannan masu rijiyoyin mai ne da manyan dillalan motoci, galibi tsofaffin ɗaliban jami'ar, kuma kunyarsu a duniya ita ce maƙwabciyar jiha ta doke su. Shekara da shekaru suna tura ambulan, suna ba uwar yaro aiki, suna ajiye mota a ƙofar gida.

Lamarin da ya fi yin ƙaurin suna shi ne na ƙungiyar ƙwallon ƙafar Jami'ar SMU da ke Dallas. An gano ana biyan 'yan wasa 13 kimanin dala 61,000 daga wani ɓoyayyen asusu, bayan an riga an gargaɗe su. NCAA ta soke musu kakar 1987 gaba ɗaya, su kuma suka haƙura da ta 1988 don ba su da 'yan wasa. Bill Clements, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwar jami'ar kuma yake gwamnan Texas a lokacin da aka yanke hukuncin, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan. Reggie Bush na Jami'ar USC ya mayar da kambin Heisman na 2005, wanda ake ba gwarzon ƙwallon ƙafar jami'o'i, a shekarar 2010 saboda kyaututtukan da shi da iyalinsa suka karɓa daga masu neman zama dillalansa. A 2024 aka dawo masa da abinsa, don laifin da aka kama shi da shi kusan ya zama abin da kowa ke yi a bainar jama'a. Sanin da kuka yi ke nan, kuma daidai ne a zamaninsa.

Kotu ce ta rusa katangar, ba tausayin hukumar ba. Ed O'Bannon, tsohon tauraron ƙwallon kwando na UCLA, ya ga siffarsa da lambarsa a wani wasan kwamfuta da ake sayarwa, ba wanda ya nemi izininsa. Ya kai ƙara a 2009, a 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta ce dokokin NCAA sun saɓa wa dokar hana haɗa baki a danne farashi. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu, sauran jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu yara. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli su tara duka suka yanke hukunci ba a son ran NCAA ba a shari'ar Alston, har mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsari haramun ne ƙarara a kusan kowace sana'a a Amurka. Kwana goma bayan nan hukumar ta ɗaga hannu. Daga ranar ɗan wasa na iya karɓar kuɗi a kan sunansa da hotonsa da kamanninsa, abin da ake taƙaitawa da NIL.

Tallan gaske da tallan suna

Kuɗin nan kashi biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai tallan gaske, inda kamfani ke biyan ɗan wasa don mutane na kallonsa. Caitlin Clark tana Jami'ar Iowa ta yi wa Nike da Gatorade da State Farm talla, don ko ina ta je filin cika yake yi. Olivia Dunne mai wasan alkafura, lokacin tana Jami'ar LSU, mabiyanta miliyoyi a TikTok da Instagram su ne jarinta. A ƙasa da su akwai dubban ƙananan ciniki: mai gidan abinci a garin ya ba yaro ɗaruruwan daloli ko abinci kyauta, shi kuma ya ɗora hoto. Wannan kasuwanci ne tsantsa, ba wanda ke jayayya a kai.

Kashi na biyu shi ne wanda aka yi muku tayi. Da aka buɗe ƙofa, attajiran nan ba su ɓata lokaci ba, suka kafa gidauniyoyi a gefen kusan kowace babbar jami'a, a takarda ba ruwan jami'ar da su. Su tara kuɗi, su rubuta wa yaro kwantiragin "talla": ya sa hannu a kan wasu riguna, ya leƙa wani taron sadaka, ya ɗora saƙo ɗaya ko biyu a wata. Ba yawan mabiyansa ke yanke farashin ba. Abin da ke yanke shi shi ne gurbin da yake bugawa, irin buƙatar da koci ke da ita, da abin da jami'ar da ke hamayya ta taya. A gani na albashi ne aka naɗe cikin takardar talla, kuma duk wanda ke cikin harkar ya san haka. A 2022 wani attajiri a Miami, John Ruiz, ya fito fili ya sanar cewa kamfaninsa zai ba Nijel Pack dala 800,000 a shekara biyu da mota, daidai lokacin da yaron ya baro Kansas State ya koma Miami. A shekarar ne Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, ya zargi Texas A&M da sayen duk sabbin 'yan wasanta, kocinta Fisher ya kira 'yan jarida ya mayar masa da martani mai zafi. Bayan shekara biyu ma an daina ɓoye-ɓoye: shugaban wasannin Ohio State da bakinsa ya ce kimanin dala miliyan 20 aka zuba wa 'yan ƙwallon ƙafarsu a kakar 2024, kuma su suka ɗauki kofin ƙasa.

A wancan lokacin, a rubuce dokar NCAA ta hana amfani da kuɗin wajen janyo yaro ya zaɓi wata jami'a. Da ta fara bincike a kan Jami'ar Tennessee, sai jihohin Tennessee da Virginia suka maka ta a kotu, a Fabrairun 2024 alƙali ya dakatar da ita daga aiwatar da dokar. A 2024 ɗin kuma aka cire takunkumin sauya makaranta, ɗan wasa na iya tashi duk shekara in dai karatunsa na tafiya. Haɗuwar biyun nan ta sa kowace kaka sai an sake zaman ciniki.

Inda ba na so ka yi gaggawar wucewa shi ne alkawuran da suka rushe. Jaden Rashada yana sakandare ya fasa zuwa Miami ya zaɓi Florida a kan yarjejeniyar dala miliyan 13.85 ta shekara huɗu. Ba a je ko'ina ba gidauniyar ta janye. Ya fasa shiga makarantar, bai buga mata wasa ko ɗaya ba, a 2024 ya kai ƙarar kocin da wani attajiri yana zargin sun yaudare shi. Matthew Sluka ya ci wa Jami'ar UNLV wasa uku na farkon kakar 2024, sannan ya ajiye riga, wakilinsa ya ce wani mataimakin koci ya yi alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Jami'ar ta musanta, kuma babu takardar da za a nuna. Waɗannan 'yan ƙasa ne, da iyayensu da lauyoyinsu a kusa. Ka auna yaron da mahaifinsa ke nan gida yana jin magana ta waya.

Abin da ya canja a 2025

Ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Wilken ɗin nan dai ta amince da sulhu a wata shari'a mai ɗauke da sunan Grant House, ɗan wasan ninƙaya na Arizona State. NCAA da manyan rukunan jami'o'i za su biya kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka buga tun daga 2016 aka hana su cin moriyar sunansu. Abin da ya fi wannan girma, daga 1 ga Yulin 2025 jami'a da kanta na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har zuwa kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin yana ƙaruwa a hankali. A yawancin manyan makarantu kusan kashi uku cikin huɗu na tafiya ne ga ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando na maza ya ɗauki mafi tsoka a ragowar, sauran wasanni su raba abin da ya saura. Wasu mata 'yan wasa sun ɗaukaka ƙara a kan rabon diyyar, suna kafa hujja da dokar 1972 da ta hana bambanta mace da namiji a makarantu.

An kuma kafa sabuwar hukumar sa ido, da wata manhaja mai suna NIL Go da kamfanin Deloitte ya taimaka aka gina. Duk cinikin da ya kai dala 600 daga wajen jami'a sai an shigar da shi, a duba ko akwai kasuwanci na haƙiƙa a ciki, kuma ko farashin ya yi daidai da abin da ake biyan irinsa. Manufar a toshe tallan suna ne. A Yulin 2025 hukumar ta ce yawancin cinikin gidauniyoyi ba zai wuce ba, lauyoyin 'yan wasa suka yi ca, kafin wata ya ƙare ta sassauta.

Ni ban ga alamar wannan ƙura za ta lafa da wuri ba, kuma dalilin guda ne. A NBA da NFL, gasannin ƙwararru na ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin na Amurka, akwai iyakar albashi, amma da ƙungiyar 'yan wasa aka zauna aka yanke ta, shi ya sa kotu ba ta taɓa ta. Jami'o'i suna son iyakar, amma ba sa son su amsa cewa yaran ma'aikata ne, don hakan zai jawo inshorar rauni, ƙungiyar ƙwadago da sauran haƙƙoƙi. 'Yan ƙwallon kwandon Dartmouth sun jefa ƙuri'a 13 da 2 a Maris 2024 don kafa ƙungiya, suka janye a ƙarshen shekarar. Muddin ba a warware wannan ba, duk iyakar da aka sa wani zai kai ta kotu, attajirai kuma za su nemo wata ƙofa. Na fi son biya a fili sau dubu a kan ambulan ta ƙarƙashin tebur. Amma yaron da ake biya kamar ma'aikaci, ana iya sallamarsa kamar ma'aikaci, ba tare da kariyar ma'aikaci ba.

Maganar biza

Yanzu ga taku. In dai ɗan naku ba shi da fasfo ɗin Amurka ko takardar zama ta dindindin, to kusan tabbas da bizar ɗalibi ta F-1 yake zaune. Wannan biza ta yarda da aiki a cikin harabar makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, sai wasu 'yan hanyoyi masu alaƙa da fannin da ake karantawa waɗanda sai an nemi izini. Ɗaukar hoton talla, sa hannu a riguna don a biya ka, ɗora saƙo a Instagram a kan kuɗi, duk aiki ne a idon hukumar shige da fice matuƙar ƙafarka na ƙasar Amurka lokacin da ka yi. NCAA ta halatta, amma ba ita ke ba da biza ba. A 2021 sashen gwamnatin da ke kula da ɗalibai baƙi ya ce yana nazarin lamarin, aka shafe shekaru ba a ga ƙa'ida a rubuce ba.

Na ga yadda abin ke cin rai. Wani ɗan tsere daga yankinmu na Afirka ta Yamma ya taɓa shigowa ofis da jakar atisaye a kafaɗa, ya ajiye mini wayarsa a kan tebur. Mai wani shagon sayar da abin sha ne ya rubuto masa: hoto ɗaya da kofi a hannu, a ba shi abin da zai ishe shi tura wa gida na wata guda. Abokan ɗakinsa Amurkawa duk sun yi, kuma shi ya fi su gudu. Na ce masa ya bari. Ya daɗe yana kallon saƙon kafin ya mayar da wayar aljihu. Dalilina shi ne, in ofis irin namu ya tabbatar ɗalibi ya yi aiki ba izini, wajibi ne ya rufe rajistarsa, takardarsa ta I-20, wadda ke tabbatar da zamansa ɗalibi, ta mutu, kuma wannan laifin na cikin waɗanda ba a gyara su daga cikin ƙasar.

Akwai hanyoyin da ake bi. Ta farko a yi aikin a wajen Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kongo, gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i na 2022, da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je Bahamas a watan Agustan shekarar, duk lokacin hutunsa ya ƙarar da shi wajen ɗaukar talla da sa hannu a katuna, rahotanni suka ce ya haɗa kusan dala 500,000 cikin mako guda. Ta biyu a ba da hayar suna da hoto kawai, kamfani ya buga a riga ya riƙa turo kaso, yaron bai ɗaga ko yatsa ba. Jami'o'i da dama a wannan siffar suke rubuta kuɗin da suke biyan baƙi kai tsaye, wasu kuma suna ɗari-ɗari, don lauyoyi ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Ta uku a sauya zuwa bizar fitattun 'yan wasa, wadda ba kowa ke samu ba.

Hanyar farkon tana da tarko ga ɗan Najeriya. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, a Disamba kuma ta saka ƙasar cikin waɗanda ta taƙaita wa ba da biza, har da ta ɗalibai. Yaro na iya zuwa gida hutu don ya ɗauki tallan halal, komawa ta gagare shi. Dokokin nan suna juyawa da sauri, kuma ni ba lauyan shige da fice ba ne. Kada ya taka jirgi, kada kuma ya sa hannu a komai, sai wanda wannan ne aikinsa ya duba takardunsa.

Abin da za ku tambayi mai wayar

Ku fara da shi kansa: wa ya aiko shi, kuma nawa ne kasonsa? Ƙungiyar 'yan wasan NBA ta ƙayyade wa wakilai kashi 4 cikin 100 na albashi, ta NFL kashi 3. A wannan kasuwa babu mai ƙayyadewa, kowa na iya buga kati ya kira kansa wakili. Gervon Dexter yana Florida ya karɓi dala 436,485 daga wani kamfani, a madadin kashi 15 cikin 100 na duk abin da zai samu a NFL har shekara 25. Sai da ya shiga NFL ya garzaya kotu neman a warware. Duk wanda ya ce ku fara biyan wani abu kafin a haɗa ku da jami'a, ku kashe waya. Jami'ar da ke son yaro kocinta ne ke kiran kocin makarantarsa.

Sannan ku nemi komai a rubuce, ku raba takardu biyu. Tallafin karatu daga jami'a yake fitowa, ku duba ko na shekara ɗaya ne ko na huɗu, da abin da zai faru in ya ji rauni ko aka sauya koci. Kuɗin da za a riƙa biyansa kuwa ku gano ko jami'ar ce za ta biya ko gidauniya, don ta farkon ta fi wuyar gudu. Ku duba ranakun biya, sharuɗɗan da za su sa a tsayar, da abin da za a ce ya mayar in ya sauya makaranta, don yanzu ana saka wannan sharaɗi kuma ana bin mutane a kansa. Haraji ma yana nan: babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana iya cire kaso mai yawa tun kafin kuɗin su iso hannunsa, kuma ko ɓangaren ɗaki da abinci na tallafin karatu ana cire wa baƙo haraji a kai.

Kada kuma adadin da ake gani a labarai ya ruɗe ku. Jami'o'in rukuni na ɗaya sun haura 350, miliyoyin nan a 'yan dozin na sama suke yawo, a can ɗin ma a hannun 'yan tsiraru. NBA kuwa kimanin mutum 60 take ɗauka a zaɓen kowace shekara daga duniya baki ɗaya. Da ni ne, makarantar da za ta ba shi lokacin wasa da digiri a rubuce zan sa a gaba, ko da tayinta bai kai na wata ba. Ka ce wa ƙanen naka ya nemi sunan jami'ar, sannan shi ko kocin yaron su rubuta wa ofis biyu kai tsaye, na bin ƙa'idojin wasanni da na ɗalibai baƙi, su tambaya ko sun san mutumin, da kuma yadda suke biyan masu bizar F-1. Adireshinsu na shafin kowace jami'a, kuma ba a biyan ko sisi don a samu amsa.